Macijin ciki ya kusa raba ni da ɗana

Ranar da na fara ganin abin da ke cikin ɗana, da hantsi ne, a tsakar gidanmu a Daura. Shekararsa biyar a lokacin. Ya tsuguna a gindin katanga ya yi bayan gida kamar yadda yaran gidan suka saba, na ɗauko guntun kwali zan kwashe, sai na ga wata aba fara mai sirkin ja tana motsi a ciki. Kamar tanar damina take, sai dai ta fi ta haske, tsawonta kuma ya fi tafin hannuna. Na yar da kwalin na ƙwala wa Inna kira, uwar mijina, wadda muke zaune gida ɗaya da ita tun aurena.

Inna ta leƙo, ta duba, ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Macijin ciki ne, 'yar nan. Wane yaro ne ba shi da shi? Ki rage ba shi alewa da sukari, zaƙi ke kawo shi." Ta ƙara da cewa ai ba a son a kashe shi duka, domin shi ke taya ciki niƙa abinci. Ban ga laifinta ba a ranar, yau ma ban gani ba. Abin da ta taso ta ji ke nan, ni ma haka na ji daga tawa uwar. Na kwashe kashin na watsa a juji bayan gida, na ɗauraye hannuna da ruwan buta, na koma kan keken ɗinkina, domin Sallah ta matso kuma kayan mutane sun yi mini yawa.

Yaron nan shi ne na uku cikin 'ya'yana biyar, kuma tun da aka yaye shi ba ya ƙiba. Hannuwa sirara, ƙafafu sirara, sai tumbi a gaba. Wani lokaci ya ci tuwo kamar babba, wani lokaci ka yi ta lallashi ya kau da kai. Yakan riƙe cibiya ya ce tana murɗa masa, in shafa masa man zafi, can an jima ya tashi ya tafi wasa. Ƙanwarsa da ya ba shekara biyu ta kusa kamo shi a tsawo, mutane na cewa ai jikin dangin ubansa ya ɗauko. Da damina kuma sai tari ya kama shi, busasshe, da shessheƙa a ƙirji da ɗan zazzaɓi, ya yi kwana goma ko sati biyu ya tafi. Muka ce sanyi ne, wata maƙwabciya ta ce asma ce. Ban taɓa haɗa tarin nan da cikinsa ba ko a mafarki.

Akwai abin da nake jin nauyin faɗa, amma don shi na zauna rubuta wannan. A shekarar da ya shiga aji ɗaya, malaminsu ya aiko cewa gobe za a raba wa yara maganin tsutsar ciki, kowa ya karya kumallo kafin ya zo. Kyauta ne. Da daddare muka yi maganar da Malam, mai gidana. Tun jita-jitar da aka yi a kan allurar shan inna a 2003, zukatan mutane da yawa a ƙasar nan ba su kwanta da duk wani magani da aka ce kyauta ne ba, mu ma muna cikinsu. Malam ya ce shi bai hana ba, bai kuma sa ba. Ni ce na yanke. Washegari na ce da yaran su zauna a gida, na ba su aikin tsince wake. Ƙwaya ɗaya ce tak, ana taunawa a haɗiye. Na sha tuna wannan safiyar a kan bencin asibiti.

Abin ya taso ne a daminar 2019, cikin watan Agusta, yana da shekara shida. Ranar Talata ya fara kukan ciki, wannan karon man zafi bai yi komai ba. Ciwon yakan zo ya murɗe shi har ya dunƙule kamar ƙwallo, ya sake shi ya yi lamo, can ya dawo. Inna ta jiƙa masa saiwoyi masu ɗaci, ya sha ya amayar. Ranar Laraba na aiki yayansa kemis, na ce ya faɗa musu tsutsa ce ke damun yaro, aka ba shi wani magani na ruwa, na ɗura masa. Zuwa dare cikin ya kumbura ya yi tauri, in ka ɗan buga sai ya yi ƙara kamar ganga. Tun Litinin rabonsa da bayan gida, ko tusa ba ya yi. Wajen ƙarfe biyu na dare ya yunƙura ya yi amai kore shar, a cikin aman akwai macizai biyu suna mutsu-mutsu. Ina cikin salati sai na ga ya kai hannu hancinsa yana kuka, na haska fitilar waya, ga kan wata tana leƙowa ta ƙofar hanci. Da hannuna na jawo ta. Har gobe in na tuna santsinta a yatsuna sai tsigar jikina ta tashi.

Malam bai jira asuba ba. Ya buga wa wani maƙwabcinmu mai a-daidaita-sahu ƙofa, muka nufi asibiti. Ma'aikacin da ke bakin aiki ya taɓa cikin, ya sa abin sauraro ya daɗe yana ji, ya sa masa ƙarin ruwa, ya ce, "Malam, hanjin yaron nan ya toshe. Ku wuce Katsina da sassafe, can akwai likitocin tiyata na yara." Muka ɗauki shatar mota. Hanyar da na saba bi ina kallon gonakin gero sun yi kore, ranar ban ga komai ba sai fuskar yarona a kan cinyata, idanunsa sun faɗa, leɓɓansa sun bushe. Daidai Mashi ya buɗe ido ya ce, "Umma, ruwa." An riga an gargaɗe ni kada in ba shi komai ta baki. Na jiƙa bakin mayafina na shafa masa a leɓe, na juya kai don kada ya ga hawayena.

A Katsina aka yi masa hoto. Likitar, wata mace mai natsuwa, ta juyo da allon wajena ta nuna mini wasu layuka dogaye a jere da juna, wasu a naɗe. Ta ce, "Maman yaro, kin ga waɗannan? Su ne. Sun cukurkuɗe wuri ɗaya kamar zaren da ya harɗe, sun toshe hanya." Ni tela ce, na san yadda zare ke harɗewa a cikin ƙoshiya har keke ya tsaya cak. Nan take na gane.

Ba su yi gaggawar yanka shi ba. Suka zura masa roba ta hanci har ciki tana janyo koren ruwan nan, suka ci gaba da ƙarin ruwa da allurai, suka ce sau da yawa in an huta wa hanji, dunƙulen yakan warware da kansa ya fita. Ta tambaye ni ko na ba shi wani abu a gida. Na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi mini faɗa ba, amma ta ce abin da nake so kowace uwa ta riƙe: in ciki ya riga ya kumbura, yaro yana amai, bayan gida ya tsaya, ba lokacin ɗura maganin tsutsa a gida ba ne, domin wani maganin yakan sandarar da su wuri guda toshewar ta ƙaru. Lokacin maganin shi ne tun yaro yana kan ƙafafunsa.

Muka kwana muka wuni, babu sauƙi. Zazzaɓi ya hau, cikin ya ƙara tauri, ko zane ya taɓa shi sai ya yi ƙara. Daren Juma'a aka kawo wa Malam takarda ya sa hannu. Na ga hannunsa yana rawa, mutumin da ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba cikin shekara goma sha huɗu. Aka tura gadon, ƙofa ta rufe. Na shimfiɗa ɗankwalina a baranda na yi ta sallah, ban san raka'a nawa ba. Ba na roƙon komai sai Allah Ya ba ni dama in gyara abin da na ɓata.

Bayan kusan awa uku wata nas ta fito ta ce an gama, yana numfashi. Sannan ta ce likitan da ya yi aikin ya ce a nuna wa iyayen. Ta kawo wani kwanon ƙarfe na asibiti, ta yaye ƙyallen da ke kai. Cike yake. Wasu sun mutu, wasu suna ta nannaɗe juna a hankali. Malam ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya dafa bango. Wannan duka daga cikin yaron da nake ɗauka da hannu ɗaya. Likitan ya ce sun tsaga hanjin sun fitar da su, kuma mun yi sa'a hanjin bai mutu ba. Da an ƙara kwana, da sai an yanke wani sashe an zubar, ko ya fashe a ciki.

Kwana goma sha ɗaya muka yi a gadon asibiti, a nan na yi karatun da ban yi a makaranta ba. Akwai wata nas mai aikin dare, 'yar Funtuwa, in ta gama zagaye sai ta zauna kusa da ni. Ita ta warware mini zancen daga tushe, kuma duk abin da ta faɗa na sake tambayar likita ya tabbatar.

Ta ce zaƙi ba ya haifar da macijin ciki. Ƙwai ne ake haɗiya. Macen tana iya kai tsawon santimita 35, kuma ita kaɗai tana zuba ƙwai wajen 200,000 a rana ɗaya a cikin hanjin mutum. Ƙwan yana fita da bayan gida, ido ba ya ganinsa sai da madubin likita. In ya faɗi a ƙasa mai laima da inuwa, cikin 'yan makonni sai ya nuna, kuma yana iya zama a ƙasar shekaru yana jira. Yaro ya yi wasan ƙasa ya sa hannu a baki, ko mangwaro ya faɗo ya goge a riga ya ci, ko a yanka latas da kabeji da karas da aka yi wa taki da ƙazantar masai ba a wanke da kyau ba, shi ke nan ya shiga.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tafiyar da yake yi a jiki. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa a hanji, 'yar tsutsar ta huda bangon hanjin ta bi jini zuwa hanta, daga nan zuwa huhu. Ta yi kwana goma zuwa sati biyu a huhu, ta hauro maƙogwaro, mutum ya yi tari ya haɗiye ta ba tare da ya sani ba, ta koma hanji ta girma. Daga haɗiyar ƙwai zuwa ranar da ita ma za ta fara zuba nata, wata biyu zuwa uku ne, kuma tana rayuwa shekara ɗaya zuwa biyu. Da ta zo nan sai na ce, "Sista, tarin damina fa?" Ta gyaɗa kai ta ce zai iya yiwuwa shi ne. Shekara biyu ina saya masa maganin tari.

Ta kuma bambance mini su, domin mu duk tsutsa muke cewa. Tsila, mai fita guntu-guntu fale-fale, daga naman da bai dahu ba take. 'Yan ƙananan nan farare masu sa yaro susar dubura da dare daban suke. Akwai mai shiga ta tafin ƙafar wanda ke yawo ba takalmi ta riƙa shan jini. Macijin ciki kuwa ta baki yake shiga, kuma abincin yaro yake rabawa da shi. Shi ya sa yaro yake ci ba ya ƙiba, tsawo ya tsaya, jiki ya kasa tsotsar sinadaran da yake buƙata irin su bitamin A, a aji kuma ya riƙa gyangyaɗi ana cewa daƙiƙi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen biliyan 1.5 ke ɗauke da irin waɗannan tsutsotsi da ake ɗauka daga ƙasa, kusan mutum ɗaya cikin huɗu a duniya. Yawancinsu ba su san suna da su ba, domin in kaɗan ne ba sa nuna alama. Inna ta yi gaskiya da ta ce ko'ina akwai shi. Inda muka kuskure shi ne da muka ɗauka abin da ya zama ruwan dare ba ya kisa.

A ɓangaren mata na haɗu da wata baiwar Allah daga wajen Mai'aduwa, idanunta sun yi ɗorawa, ta rame. Wata uku ana yi mata maganin shawara a gida, ana ba ta jiƙo iri-iri. Da aka yi hoto sai aka ga macijin ciki guda ɗaya ne ya haura ya shige bututun da ke sauko da ruwan matsarmama, ya toshe shi. Guda ɗaya. Nas ɗin ta ce haka yake, yana son kutsawa cikin ƙananan ƙofofi, musamman in zazzaɓi ya dame shi. Yakan shiga bututun wata gaɓa mai taya narkar da abinci, wadda likitoci ke kira fankiriyas, ya kumbura ta, yakan shiga 'yar jelar hanjin nan da ake yi wa aikin afendis. Matar tana da goyo, uwarta ce ke riƙe da jaririn a baranda. Ranar da aka sallame mu tana nan, na bar mata sauran sukari da madarar da aka kawo mana.

Kafin mu tafi likita ya ce a kawo bayan gidan kowa a gwada. Na ji kunya ƙwarai, amma na kai. Cikin mu takwas a gidan, shida muna da ƙwan, har da ni. Ni da nake ganin ina da tsafta, ina share tsakar gida sau biyu a rana, ina wanke kwanuka da toka har su yi ƙyalli. Aka rubuta mana albendazol, ƙwaya ɗaya mai miligiram 400 ga kowa, ƙaramarmu da ba ta cika shekara biyu ba aka ba ta rabi. Ya tambaye ni ko ina da juna biyu, domin ba a ba mai ciki a watanni ukun farko. Kuɗin maganin gidan gaba ɗaya bai kai abin da muka ba direban shata ba. Aikin kuwa sai da Malam ya sayar da ragunan da yake kiwo biyu, ni kuma na sayar da ɗan kunnen zinaren da na gada daga mahaifiyata.

Ya kuma ce maganin yana kashe na ciki ne kawai, ba ya hana sabo shiga. In ƙasar gidan tana nan yadda take, cikin 'yan watanni za mu koma gidan jiya.

Da na dawo Daura sai na tsaya a ƙofar ɗakina na kalli tsakar gidan da sabon ido. Gindin katangar da yara ke tsugunawa, inuwar darbejiya ce, ga laimar makwarara kusa. Nan suke zama su yi tuwon ƙasa. Mun taso ana cewa kashin yaro ba ƙazanta ba ne, a kwashe da kwali a bi da tsintsiya. Ashe tsintsiyar raba ƙwan take yi ko'ina a gidan. Butar da muke shiga masai da ita, ruwa kawai muke zubawa a hannu mu fito mu kama tuƙin tuwo. Moɗar randa kowa ya tsoma hannu.

Malam ya sayo siminti buhu huɗu aka daɓe tsakar gidan. Na sayi fo guda biyu, duk yaron da ya yi a ciki sai a juye a masai, ba a juji ba. Aka yi wa masai murfi. Na huda sabulu na ɗaure shi da igiya a ƙusa daidai ƙofar bayi, don kada wani ya ce bai gani ba, in sabulu ya ƙare akwai toka a gwangwani. Duk Juma'a ina yanke wa yara farce kafin su tafi masallaci. Ganyen da za a ci ɗanye ina wanke shi ganye-ganye a ruwa mai tsafta ina sauya ruwan, wanda zai dafu kuwa na fi son in dafa, domin zafin wuta yana kashe ƙwan. Inna ta yi kwana biyu tana kallona ba ta ce komai ba. Rana ta uku na ji ta tana ce wa autar gidan, "Ke, zo nan, wanke hannun da sabulu, ba kya ganin abin da ya sami yayanki?" Ita ce kuma ta fara shan ƙwayarta a gaban kowa.

Abin da ya fi ƙarfinmu shi ne kangon da ke bayan gidanmu. Mai shi ya yi shekaru bai gina ba, ya zama wurin da masu wucewa da almajirai ke zagayawa. Ba na zargin yaran nan. Makarantarsu ba ta da masai ko ɗaya, ina za su je? In ruwa ya sauko, duk abin da ke kangon sai ya biyo lungu ya bi ta ƙofar gidajenmu, yara suna tsalle a ciki. Malam ya kai maganar wurin mai unguwa, liman ya yi ta a masallaci bayan sallar magariba, aka yi karo-karo aka haƙa wa makarantar masai biyu. Sun yi kaɗan, amma sun rage. A 2019 ɗin nan gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da yaƙi da yin bayan gida a fili, a 2022 kuma aka ayyana Jigawa, maƙwabciyarmu, a matsayin jihar farko da ta rabu da shi. Da na ji a rediyo sai na ce ashe abu ne mai yiwuwa, Kazaure ga ta nan kusa da mu.

Yanzu yaron ya shiga sakandare. Cikin shekarar farko bayan aikin sai da na sake masa ɗinkin wando sau biyu, tsawo ya zo masa kamar ana jan shi, ko da yake har yau bai kamo sa'o'insa ba, kuma likita ya ce wani abin da aka rasa a ƙuruciya ba lallai ya dawo duka ba. Wannan ina ɗauke da shi a zuciyata. Tabon yana nan ƙasan cibiyarsa, ba ya son cire riga a gaban abokai.

Matan da ke kawo mini ɗinki sun san ni da zancen nan. In na ga yaro a bayan uwarsa da tumbi da siraran hannuwa, sai na ajiye almakashi na tambaye ta yaushe rabon da a ba shi maganin tsutsa. Wasu su yi dariya su ce alewa ce ta yi masa yawa. Sai in ba su labarin kwanon ƙarfen nan. In lokacin makon lafiyar mata da ƙananan yara ya zo, wanda ake ɗiga bitamin A a ba da maganin tsutsa kyauta, ina rufe keke in bi gidajen lungunmu ina sallama. A jikin bangon da ke bayan kekena akwai inda nake rubuta awon mutane da alli. Can sama, inda hannun yara ba ya kai, na rubuta watan da gidanmu ya sha magani na ƙarshe da watan da likita ya ce mu sake. Saura sati uku, kuma na riga na ba Malam kuɗin ƙwaya takwas ya ajiye a aljihun rigarsa ta Juma'a.